Daga Jiniya Zuwa Loma: Yadda Ake Gyara Ɗakin Cin Abincin Masana'anta

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce duk ma'aikacin da zai yi awa shida ko fiye a bakin aiki, a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. A takarda awa ɗaya tana da auki. Amma a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa a Kano, ko Kakuri a Kaduna, da zarar jiniya ta kaɗa ake fara yankar ta: minti biyar na fitowa daga wajen inji, sha biyar na alwala da sallar Azahar, wasu biyar na komawa. Minti 35 ɗin da suka rage su ne rabon ciki. Idan layin karɓar abinci ya cinye 25 daga ciki, mutumin da ya wuni a tsaye tun bakwai na safe zai haɗiye tuwonsa a cikin minti goma, da zafinsa, wataƙila ma a tsaye, ya koma gaban injin da ke iya cire yatsa.

Waɗannan mintoci su ne ainihin abin da ake gyarawa idan an ce za a gyara ɗakin cin abincin masana'anta. Masu kamfani da yawa sukan fara da fenti da sabon tayil da talabijin a bango, domin su ne ido ke gani ranar da baƙi suka zo zagaye. Duk suna da kyau, amma su ne na ƙarshe a jerin aiki. Ma'aunin gyaran da ya yi nasara abu uku ne: minti nawa ma'aikaci ya samu yana zaune, da hannu mai tsabta ya ci ko a'a, kuma abin da ya ci zai riƙe shi har tashi ba tare da ya ɓata masa ciki ba.

Batun ba na alfarma ba ne. A 2005 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar da wani nazari da Christopher Wanjek ya rubuta kan abinci a wurin aiki, wanda ya kiyasta cewa rashin cin abinci mai kyau na iya rage wa ƙasa yawan aikin da ake fitarwa da kusan kashi 20 cikin ɗari. Bahaushe ya riga ya faɗa a taƙaice, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kafin a kira magini

Makon farko na gyara ba ya buƙatar siminti. Agogo yake buƙata, da littafi, da mutum biyu masu haƙuri. Ɗaya ya tsaya a ƙofar ɗakin cin abinci yana rubuta lokacin da mutum na farko ya shiga layi da lokacin da na ƙarshe ya karɓi farantinsa. Ɗayan ya tsaya a bakin get yana ƙirga waɗanda suka fice zuwa wajen mai garau-garau ko mai ɗanwake. Wannan ƙirga ta biyu ta fi kowace takardar tambaya faɗin gaskiya, domin wanda ya bar abincin kamfani ya taka cikin rana ya biya da kuɗinsa ya riga ya yanke hukunci. A yi haka kwana biyar ko shida a jere, har da Juma'a, har da masu aikin dare, waɗanda galibi ba wanda ya taɓa zuwa ya ga me suke ci da ƙarfe biyu na dare.

Sannan a leƙa bokitin shara. Abin da aka fi zubarwa shi ne abin da ba a so, ko wanda aka zuba fiye da kima.

Daga nan sai a tambayi mutane. Tambayar da manaja ya yi a gaban taro ba ta samun amsa sai "ba laifi, ranka ya daɗe". A ware su rukuni-rukuni, mata daban, leburori masu aikin yini daban, masu gadi da masu shara da direbobi daban, kuma wanda zai yi tambayar kada ya zama mai iko a kan albashinsu. Tambayoyin su zama na zahiri: a ina kake wanke hannu, me ke hana ka zama a ciki, wane abinci ne ba ka taɓawa, ina kake ajiye kular da ka zo da ita daga gida. A nan ake jin abubuwan da injiniya ba zai hango a zane ba, kamar cewa mata ba sa shiga saboda hanyar ta bi ta gaban bencin da samari ke zama, ko cewa masu aikin rini suna jin kunyar zama kusa da mutane saboda ba inda za su cire kayan aiki.

A kafa ƙaramin kwamiti tun a wannan mataki, da wakilin ƙungiyar ƙwadago da mace aƙalla ɗaya da wani daga masu aikin dare da shugabar masu girki. Wannan ba sabon tunani ba ne. Dokar masana'antu ta Indiya ta 1948, wadda ta tanadi a buɗe wurin cin abinci a masana'antar da ma'aikatanta suka haura 250, ta haɗa da batun kwamitin gudanarwa mai wakilcin ma'aikata. Sun gane da wuri cewa mai cin abincin shi ya san inda gishiri ya yi yawa.

Lissafin kujera, layi da famfo

A ɗauki misalin masana'anta mai mutum 300 a aikin rana. Masu tsara gine-gine sukan ware wa kowace kujera tsakanin murabba'in mita 1.2 zuwa 1.5, har da hanyar wucewa. Idan duka za su fito lokaci guda, ana buƙatar zaure mai kusan murabba'in mita 400, wanda zai cika na awa ɗaya ya wuni babu kowa. Idan aka raba hutun kashi uku, mutum ɗari-ɗari da tazarar minti 20 ko 30 a tsakani, kujera 120 sun isa, a fili mai murabba'in mita 160 zuwa 180. An rage fiye da rabin gini da sauya jadawali kawai, injuna kuma ba su tsaya gaba ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne a zauna da limamin masallacin kamfani a daidaita jam'i, ta yadda kowane rukuni zai samu sallarsa a cikin lokaci, a kuma yi wa Juma'a tsari nata daban.

Layi ma lissafi ne. Idan zuba wa mutum ɗaya na ɗaukar daƙiƙa 15, mutum huɗu ke wucewa a minti, na ɗari zai jira minti 25. A buɗe layi biyu, a rage zubawar zuwa daƙiƙa goma, sai na ƙarshe ya karɓa a cikin minti takwas da 'yan kai. Ana samun waɗannan daƙiƙoƙi ne daga ƙananan abubuwa. A mulmula tuwo a naɗe tun kafin jiniya. Mai zuba miya daban, mai sa nama daban. Faranti da cokali su kasance a farkon layi, ruwan sha kuma a can gefe, nesa da wurin zuba abinci, don kada mai cika kofi ya tare na bayansa. A rubuta abincin ranar a allo a bakin ƙofa, kowa ya yanke shawara kafin ya iso gaban tukunya. Kuɗi kuwa kada ya shiga layi ko kaɗan: neman canji na cin lokaci, kuma hannun da ke karɓar tsohuwar naira bai kamata ya taɓa ludayi ba. Tikiti ko katin ma'aikaci ya wadatar.

Ƙofar shiga daban, ta fita daban, kuma wurin ajiye farantin da aka gama da shi ya kasance a hanyar fita. Inda masu shiga da masu fita suke karo, a nan miya ke zuba, a nan kuma rigima ke tashi.

Wurin da aka fi mantawa shi ne famfo. Wanke hannu da sabulu yadda ya kamata na ɗaukar daƙiƙa 20 ko fiye, a ce rabin minti ga kowane mutum. Famfo ɗaya ke nan mutum biyu yake sallama a minti. Layi biyun da ke ɗaukar mutum 12 a minti suna buƙatar famfo shida a gabansu. Idan famfo biyu aka sa, ko dai layin ya dawo bakin famfo, ko kuma, wanda shi ya fi faruwa, mutane su daina wankewa. A wurin da ake cin tuwo da teba da hannu, kuma hannun ya fito daga sinadarin jimar fata ko man inji ko garin roba, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta samar da ruwan sha mai kyau da wurin wanke jiki, ta kuma hana cin abinci a ɗakin da ake aiki da abu mai guba da ke tayar da ƙura ko tururi. Saboda haka famfunan su kasance a kan hanyar shiga, inda ba a iya kauce musu, da sabulun ruwa a manne a bango, da ƙugiyoyin rataye rigar aiki a waje. Kwano guda na ruwa da kowa ke tsoma hannu a ciki ya kamata ya tafi tare da tsohon gini. Wurin alwala kuma a raba shi da na wanke hannu, in ba haka ba buƙatu biyu za su haɗu a famfo ɗaya a minti ɗaya.

Inda mafi yawan kuɗin ya kamata ya tafi

Kicin ne, da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ƙa'idar tsara shi guda ce: abinci ya yi tafiya gaba, kada ya waiwayo. Kaya su shigo ta ƙofar baya zuwa sito, daga sito zuwa wurin wanki da yanka, daga nan zuwa murhu, daga murhu zuwa wurin zubawa. Faranti masu datti su dawo ta wata hanya zuwa wurin wanke-wanke, shara kuma ta fita ba tare da ta gifta dafaffen abinci ba. Ɗanyen nama da kaza su sami teburinsu da wuƙarsu da katakonsu, nesa da inda ake yanka latas da tumatir da albasar da ba za su ga wuta ba.

Teburan aiki su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Katako yana shan jini da maiƙo, kuma ba a iya wanke cikin tsagarsa. Bango a sa masa tayil har sama da tsayin mutum. Daɓe kuwa kada a yaudaru da tayil mai sheƙi, wanda da ɗigon mai ya zama tarko ga mai ɗauke da tukunyar miya. A nemi mai kaushi, a karkata shi kaɗan zuwa magudana, a gwada da bokitin ruwa kafin a biya mai aiki: duk inda ruwa ya kwanta, a fasa a sake. Tsakanin wurin wanke-wanke da kwata a gina ƙaramin akwatin tare maiƙo mai murfi, a riƙa kwashe shi duk mako. Kicin da ke dafa wa ɗaruruwan mutane da manja da man gyaɗa zai toshe bututunsa cikin 'yan watanni idan babu shi, kuma warin da ke biyo baya ya isa ya kori masu ci.

Tankin ruwa ya iya ɗaukar buƙatar aƙalla kwana biyu, da murfi mai kulle. Idan rijiyar burtsatse ce, a kai ruwan a gwada a ɗakin gwaji, musamman a unguwannin masana'antu inda ruwan jima da na rini suka daɗe suna shiga ƙasa. Ruwa na iya zama garau a ido alhali yana ɗauke da abin da ba a so.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lambobin da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe a bangon kowane kicin: a dafa abinci ya kai digiri 70, mai zafi a riƙe shi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. A Kano cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zafin ɗaki kansa shi ne yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Shinkafa ta fi kowa hatsari a nan, domin akwai ƙwayar cutar da ke jure dahuwa, ta farka idan shinkafar ta huce a hankali, ta saki gubar da ɗumame ba ya kashewa. Shinkafar da aka dafa da hantsi aka bar wa masu aikin dare a cikin tukunya ita ce tushen yawancin "ciwon cikin da ya kama 'yan dare". Maganin yana cikin gini da jadawali: wurin zubawa mai ruwan zafi a ƙarƙashi, firiza a layin janareta ko sola, ma'aunin zafi na tsirawa a abinci, da girki na biyu da yamma.

Sito ya sami katakai ko kantoci da za su ɗaga buhu daga ƙasa su kuma nisanta shi da bango. Masara da gyaɗar da suka sha danshi suna yin fumfuna mai guba ga hanta. Ɓera kuma ba ɓarna kawai yake yi ba: shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, kuma yana yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci. A toshe kowace kafa, a sa ƙarfe a gindin ƙofa, gari da wake su shiga durom mai murfi, tagogi su sami raga.

Gas ya fi itace tsabta da saurin sarrafawa, amma yana da sharuɗɗa. Iskar gas ta girki ta fi iskar da ake shaƙa nauyi, idan ta zubo ƙasa take kwanciya ta taru a rami da magudana. Tukwanen gas su zauna a waje, cikin keji mai iska da inuwa, bututun ƙarfe ya shigo da shi, da makunnin kashewa a inda hannu zai kai da gudu. A saman murhu a sa rumfar zuƙe hayaƙi mai fanka. A rataye bargon kashe wuta da tukunyar kashe gobara irin ta mai, a kuma koya wa kowace mai girki cewa ba a zuba wa man da ya kama wuta ruwa. Inda tsada ta sa dole a ci gaba da itace don manyan tukwanen tuwo, a gina murhu mai rufi da bututun hayaƙi a rumfa ta daban. Matan da ke tuƙa tuwon mutum ɗari uku kullum ma'aikata ne su ma, kuma huhunsu na cikin lissafi. A ba su banɗaki da wurin canza kaya nasu, da gwajin lafiyar masu sarrafa abinci a kai a kai, a kuma gayyaci duba-gari ya ga zane tun kafin a fara, maimakon ya zo bayan an gama ya ce a rushe.

Gargaɗi ɗaya ga tsofaffin masana'antu, irin waɗanda aka gina daga shekarun 1960 zuwa 1980: rufi da silin da yawa na wancan zamani na asbestos ne. Yana zaune lafiya muddin ba a taɓa shi ba, amma fasa shi ko yanka shi na sakin ƙurar da ke jawo cutar daji bayan shekaru masu yawa. Ba aikin lebura da guduma ba ne. A nemi masani, a jiƙa, a cire a ɗungum, a kwashe kowa daga wurin.

Zaure: sanyi, shiru da haske

Wanda ya fito daga ɗakin inji abu biyu jikinsa ke nema kafin abinci, sanyi da shiru. Kwanon rufi marar silin yana mayar da zaure tanda. A sa silin mai abin tare zafi a samansa, a shafa wa kwanon farin fenti ta waje, a buɗe kafofi a can sama inda iska mai zafi ke taruwa, tagogi kuma su fuskanci juna don iska ta ratsa. Bangon yamma, wanda ke shan ranar la'asar, a yi masa baranda ko a dasa darbejiya a gabansa. Fankoki masu yawa a layin sola sun fi na'urar sanyaya ɗaki guda biyu da za a kashe ranar da kuɗin wuta ya zo, balle tun Afrilun 2024 da aka ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga masu layin da ake kira Band A. Tagogin su zama masu rufuwa sosai saboda ƙurar hunturu.

Masana lafiyar aiki sun sa iyakar ƙara a desibel 85 na awa takwas, kuma ɗakin saƙa ko na niƙa kan wuce haka. Hutun rana shi ne damar da kunne ke samu ya huta. Don haka kada zauren ya jingina da ɗakin janareta, kada kuma a cika shi da talabijin mai ihu. Silin mai laushi da robar ƙafar kujera suna rage amo fiye da yadda ake zato.

Tebur mai tsayin santimita 75 da kujera mai 45 su ne daidai da yawancin manya. Kujera mai majingina ta fi benci ga bayan da ya sha tsayuwa. A gauraya dogayen tebura da ƙanana na mutum huɗu, a ware sashe ga matan da suka fi son zama su kaɗai, a bar wani lungu mai tabarma, domin akwai dattijon da bai jin ya ci abinci sai ya tanƙwashe ƙafa. A sa soket na cajin waya da yawa. A tanadi kanta da wurin ɗumama abinci ga masu zuwa da kula daga gida. Ruwan sha mai sanyi kuwa kada ya tsaya a zaure kaɗai, domin mai aiki cikin zafi ana so ya sha kamar kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20.

Bayan an gama da waɗannan ne kyan gani ke shigowa, kuma yana da muhimmancinsa. A garin Ivrea na arewacin Italiya, Adriano Olivetti, mai kamfanin keken rubutu, ya ɗauko fitaccen mai zanen gini Ignazio Gardella ya tsara wa ma'aikatansa ɗakin cin abinci mai kusurwa shida a gindin tudu, da manyan tagogi da baranda masu kallon itatuwa. An kammala shi a 1961, kuma a 2018 UNESCO ta sa garin masana'antar cikin wuraren tarihi na duniya. Ba kowa ke da kuɗin Olivetti ba. Amma taga mai kallon bishiya maimakon juji ba ta fi wadda ke kallon jujin tsada ba, zaɓin wuri ne kawai.

Wa zai dafa, wa zai biya

Sabon zaure da tsohuwar miya mai ruwa-ruwa ba zai riƙe kowa ba bayan mako biyu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, tsadar abinci ta hau har ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Mai wannan albashi idan yana sayen farantin naira 1,000 a kwana 26 na aiki, naira 26,000 sun tafi, fiye da kashi ɗaya cikin uku, kafin ya sayi mudu ɗaya na gida. Shi ya sa da yawa suke wuni da ruwan leda da rogo. A irin wannan hali, farantin da kamfani ya ɗauki rabin kuɗinsa ko dukansa ƙarin albashi ne da ma'aikaci ke gani kullum.

Shawarar ILO mai lamba 102 ta 1956 ta shimfiɗa tsarin da har yau yake da ma'ana: mai kamfani ya ɗauki nauyin gini da kayan aiki, abincin da yake sayar wa ma'aikata ya kasance a farashi mai sauƙi ba tare da ya ci riba a kai ba, kuma kada a tilasta wa kowa ci a wurin. Brazil ta ƙara gaba a 1976, ta kafa shirin da ke rage wa kamfani haraji idan yana ciyar da ma'aikatansa.

Game da masu girki, akwai hanyar da ake yawan tsallakewa. Matan da ke sayar da abinci a bakin get sun san bakin ma'aikatan nan, sun san mai son yaji da mai bashi. Korar su don a kawo babban ɗan kwangila na iya kashe sana'ar gidaje goma ya kuma kawo abincin da ba a so. Ana iya shigo da biyu ko uku daga cikinsu, a ba kowace murhu da famfo da kanta, a yi musu gwajin lafiya da horo, tikitin kamfani ya yi aiki a wurin kowace. Gasa tsakaninsu za ta tsare inganci fiye da kowane sufeto. Idan kuma ɗan kwangila ne, yarjejeniya ta faɗi girman malmala da yankan nama da awo, da sau nawa za a soya abu a mai ɗaya, da yadda za a sake duba farashi idan kasuwa ta motsa. Inda ba a rubuta wannan ba, farashi zai tsaya, nama ne zai riƙa ƙanƙancewa.

Jadawalin abinci ya juya cikin mako: tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, shinkafa da wake, dambu da zogale, faten doya, teba ga waɗanda suka saba da ita, domin masana'antun Kano da Kaduna sun tara mutane daga ko'ina. Wake da gyaɗa da ganye su ne hanya mafi araha ta gina jiki. A sassauta gishiri da dunƙule, tun da abin da ake so babba ya ci a yini bai kai giram biyar na gishiri ba, hawan jini kuma ya yi yawa a cikin mutane. Koko da ƙosai da safe suna da tasiri, saboda da yawa sukan fito gida kafin a hura wuta. Watan azumi kuma tsarin ya juye gaba ɗaya: buɗa-baki ga masu aikin yamma, sahur ga 'yan dare, ba tare da an rufe tukunyar rana ga waɗanda ba sa azumi ba.

Sai tambayar da ke sa manajoji gyara zama: ɗaki ɗaya ko biyu? Masana'antu da yawa sun gaji tsarin zauren manya mai labule da na ƙanana mai benci. Lokacin da Nissan ta buɗe masana'antar motoci a Sunderland ta Ingila a 1986, ɗaya daga cikin abubuwan da suka ja hankali shi ne manaja da mai ɗaure noti suna cin abinci a wuri guda. Amfanin a fili yake. Ranar da manaja ya fara cin miyar da lebura ke ci, ba a buƙatar akwatin ƙorafi kafin a san ta lalace.

Kada dai a ɗora wa zauren abin da ba zai iya ba. Masanin halayyar ma'aikata Frederick Herzberg ya nuna tun 1959 cewa kyautata yanayin wurin aiki yana kawar da ɓacin rai, amma ƙwazo na fitowa ne daga wasu abubuwa, kamar yabawa da ci gaba da jin ana damawa da mutum. Kamfanin da ma'aikata ke bin sa albashin wata biyu, idan ya buɗe zaure mai sheƙi, zagi zai sha, kuma da gaskiyarsu.

Ranar aiki da bayanta

A yi aikin da rani, a kafa rumfa ta wucin gadi mai famfo da inuwa kafin a cire kwano ɗaya, don kada a bar mutane wata biyu suna ci a gindin katanga. A karɓi farashi daga 'yan kwangila uku a kan jerin kaya iri ɗaya, a je a ga kicin da kowannensu ya taɓa yi, a ware aƙalla kashi goma cikin ɗari na kasafi don abin da za a tarar bayan an fasa daɓe, domin tsohon bututu ba ya faɗin halinsa sai an tone. Biya ya zama mataki-mataki, a riƙe wani kaso har damina ta sauka a ga ko rufin na yoyo. Jerin aikin kuwa daga ƙasa yake tashi: magudana da bututu, wayarin, rufi da silin, tayil, kayan kicin, sannan fenti da kujeru. Idan kuɗi ya gaza a hanya, abin da za a jinkirta na ƙarshen jerin ne.

Kwana ɗaya kafin buɗewa a yi gwaji da rukuni guda, a kunna dukan murhu da fanka da firiza lokaci ɗaya a ga ko waya za ta ɗauka, a buɗe dukan famfuna a ga ƙarfin ruwa.

Tun ranar farko a sa sunan wanda sabulu ke hannunsa, da wanda zai kwashe akwatin maiƙo, da kuɗin gyaran famfo na kowane wata da ba sai an jira sa hannun shugaban kamfani ba. Bayan wata uku, mutum biyun nan su koma inda suka tsaya da farko da agogo da littafi, ɗaya a ƙofar zaure, ɗaya a bakin get, da rana da kuma dare. A manna sabbin lambobin kusa da tsofaffin a allon sanarwa, kwamiti ya zauna a kansu, ya zaɓi abu ɗaya da za a gyara kafin zama na gaba.